Jami'ar Abdou Moumouni: inda Nijar ta haɗu da kanta

Tun da hukumomin Nijar suka ƙaddamar da kundin sabunta ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, hankali ya koma kan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Dalili kuwa shi ne, babu wata ma'aikata da ta kai ta tasiri wajen gina tunanin zama ɗan Nijar.

Kafin 1971, wanda ya samu bakaloriya sai ya nufi Dakar, Abidjan ko Faransa. A shekarar ce aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A harabarta da ke hayin kogin Isa, ɗan Agadas da ɗan Diffa da ɗan Damagaram suka kwana ɗaki ɗaya, suka ci abinci a kwano ɗaya, suka yi yajin karatu tare a inuwar ƙungiyar USN.

Ranar 9 ga Fabrairun 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, suka kashe uku. Wannan jinin na cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnatin Janar Ali Saibou amincewa da jam'iyyu barkatai da babban taron ƙasa na 1991, wanda malamin tarihi Farfesa André Salifou ya jagoranta. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan tsohon shugabanta, masanin makamashin hasken rana, wanda tun 1964 ya yi kira a littafinsa kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunan gida.

Sai dai da Faransanci jami'ar ta haɗa kan waɗannan matasa. Yanzu kuma ana son Hausa ta ɗauki babban matsayi, alhali masu Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci na tambayar makomar nasu harsunan. Doka kaɗai ba ta samar da ƙamus, littattafan kimiyya ko malamai. Aikin jami'a ne, kuma jami'ar na fama da cunkoson ɗalibai, jinkirin biyan alawus da shekarun karatu masu hawa kan juna. In ba a ba ta kuɗi da 'yancin muhawara ba, sauyin harshen zai tsaya a takarda.