A bar allunan harin Morgan a bakin hanya

A ranar 8 ga Yulin 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Janar John Hunt Morgan na rundunar Kudu ya ƙetare Kogin Ohayo daga garin Brandenburg na jihar Kentucky da mahaya fiye da 2,000, a cikin jiragen ruwa biyu da ya ƙwace. Shugabansa, Janar Braxton Bragg, ya hana shi ƙetarawa, amma ya yi kunnen uwar shegu da umarnin. Ya ratsa jihohin Indiyana da Ohayo yana ƙona gadoji, yana lalata layin dogo, mutanensa suna kwashe dawakan manoma suna bar musu nasu da suka gaji.

A yau mai mota zai iya bin sawun wannan hari ta allunan tarihi da aka kakkafa a bakin hanya. A jihar Ohayo kaɗai akwai fiye da 50 da aka ƙaddamar a 2013, cikar harin shekara 150. Sai dai Morgan ya mallaki bayi, kuma ya yi yaƙi ne a ɓangaren da ke kare bauta. Shi ya sa a 2017 birnin Lexington ya ɗauke mutum-mutuminsa daga harabar tsohuwar kotu, kusa da inda ake cinikin bayi a da, a 2018 kuma ya mayar da shi maƙabarta. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko allunan ma sun cancanci wannan hukunci.

A ganina ba su cancanta ba. Aikin mutum-mutumi shi ne girmamawa, shi kuwa allo shaida yake bayarwa cewa a nan abu kaza ya faru. Mashigin Buffington ya isa misali. Morgan ya isa wurin da yammacin 18 ga Yuli yana neman hanyar tsira, ya tarar ruwan sama ya cika kogin, ga kuma 'yan sa-kai a bayan ganuwa suna tsaron mashigin. Sai ya ɗage ƙetarawa zuwa safiya. Kafin gari ya waye sojojin Arewa sun cim masa ta tudu, jirgin yaƙi ya tare ruwa, aka kama mutanensa kimanin 700. Ranar 26 ga wata shi kansa ya miƙa wuya. Wanda ya tsaya a gaɓar nan ya dubi faɗin ruwan zai gane yadda jinkirin dare ɗaya ya rusa runduna. An daɗe ana haƙar tsakuwa a sassan filin dagar, filin tunawar da aka keɓe kuma bai fi eka huɗu ba. Idan aka tuge allunan, me zai rage da zai nuna wa matafiyi wurin?

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi. Allo ba ya ɗaukar kalmomi da yawa, kuma labarin mahayi mai tsaurin ido ya fi daɗin ji, don haka yana da sauƙi ya cinye wurin manomin da aka raba da dokinsa ana tsakiyar aikin gona, da bawan da 'yancinsa ya rataya a kan sakamakon yaƙin. Maganin wannan shi ne a gyara rubutun, a faɗi abin da Morgan yake karewa, a kuma ambaci waɗanda harin ya cutar.

Wannan nauyi yana wuyan jami'an da ke tsara kalmomin da masu sa musu hannu. Duk ma'aikacin da ya taɓa rubuta abin da za a zana a jikin dutsen buɗe wani aiki ya san cewa takardar ofis takan ɓace a cikin fayil, amma abin da aka kafa a bakin hanya jikoki za su karanta shi a matsayin maganar hukuma.