Ƙaddara Ba Ta Hana Diyya

Yau ku yi mini haƙuri da ci gaban labarinmu, wata magana ce ta tsaya mini a wuya.

Jirgin ƙasa bai biyo ta Durba ba, amma tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 'ya'yan talakawa ke cin abinci a reluwe. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, idan birki ya ƙi ci ya hallaka ma'aikaci, ko ruɓaɓɓen ƙarfe ya tsinke da lebura, kalma ɗaya ake ba iyalinsa: ƙaddara. Mun yarda, babu mai wuce ranarsa. To amma wa ya bar birkin bai gyara ba? Shari'ar Musulunci kanta ba ta bar kisan kuskure ya tafi a banza ba, raƙuma 100 ta yanka.

Kada wani ya ce ƙage nake. A watan Agusta na 2025 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya goce daga layinsa a Asham. Rahoton farko na hukumar bincike ta NSIB ya ce na'urar sauya layi ta wurin a lalace take, da hannu ake juya ta. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da direban ya mutu fa? Na rantse da yanzu ana can ana ba matarsa haƙuri.

Kuma doka na nan, boko ya ɓoye ta a Turanci. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF. Wanda ya rasu a bakin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 na albashinsa ne haƙƙinsu duk wata, muddin sun nema cikin shekara guda. Mai son zuwa kotu kuwa, dokar 1955 da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta ba shi wata 12 kacal, kuma sai ya ba hukumar sanarwa a rubuce ya jira wata 3 kafin ya shigar da ƙara.

Ku lissafa da kanku. Baiwar Allah na takaba wata 4 da kwana 10, ƙannen miji na rigimar gado, baffa na cewa, "Ke dai ki bar wa Allah, cin kuɗin jini ba alheri ba ne." Kai, baffa! Kai za ka ciyar da marayun? Kafin ta farga shekara ta zagayo, ƙofa ta rufe.

Ga shi tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Duk mai ɗa ko miji a irin wannan aiki, ya tambaye shi yau ko kamfaninsu ya yi masa rajista da NSITF, kuma ina takardarsa ta ɗaukar aiki take ajiye.