Zauren Asusu: Mai taya ki aiki, nawa kika yanka mata?

  

Kwanan baya na zauna taron wata ƙungiya a ƙasar Tasawa, sai wata ƴar uwa mai tatsar man gyaɗa ta kawo kuka. Da bashin asusu ta fara, tiya biyar take soyawa a mako, Allah ya sa albarka har ta kai buhu. Da aiki ya fi ƙarfinta sai ta ɗauko ɗiyar ƙanenta, wata bazawara mai ɗa guda. Shekara ɗaya suna tare, yarinya ta iya suya, ta iya tuƙa tunkuza har mai ya fito, ta iya murza ƙuli-ƙuli. Ana saura kwana goma azumi, lokacin da mai ke da kasuwa, sai ta ce: "Gwaggo, ni na gaji." Ta koma gidansu. Baiwar Allah nan tana faɗi tana rantsuwa, wai butulci aka yi mata.

Sai wata tsohuwa cikin masu riƙon makulli ta ce: "Ke ɗiyata, ran da kika ɗauko ta, nawa kika ce za ki dinga ba ta?" Shiru. Can ta ce: "Haba Inna, ai gida ne." Ashe wani mako dala ɗari take miƙa mata, wani mako ƙuli-ƙuli a leda, da Salla turmin zane. Yarinya ba ta taɓa wayar gari ta san abin da za ta samu ba.

Ban ga laifin yarinyar nan ba, gaskiya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu da muka fi kowa sanin tsari. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne kowa ta san aikinta: ga shugaba, ga magatakarda, ga mai ajiyar akwati, ga masu ƙidayar kuɗi. Zubi sananne ne, tara sananniya ce, ba a buɗe akwati sai gaban kowa. Amma da mun koma gida kan sana'armu, sai mu ajiye duk wannan a ƙofar zaure, mu ce ai zumunci ya wadatar.

In za ki ɗauki mai aiki, ko ɗiyar cikinki ce in dai ta girma, ku zauna tun kafin a hura wuta. Ki faɗi aikin da bakinki: suya da kai niƙa, ko har da ɗiban ruwa da wankin tukwane? Yawancin faɗa daga nan yake tashi, an ɗauke ta don gyaɗa, an wayi gari tana raino da shara. Ki faɗi lada, ki faɗi ranar biya, a gaban mace guda cikin ƙungiya, a rubuta a kaye. Kuma kar ki ɗauka don kunyar uwarta kawai. Ki ce ta zo gwaji na kwana uku, ki biya ta kwanakin, in hannunta bai yi ba kun rabu babu ɓacin rai. Yarinyar da ke lakwal kuwa a bar ta ta yi karatunta. Dokar aiki ta ƙasarmu ma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba.

Maganar lada tana da ɗan sirri. Akwai aikin da ya dace a biya bisa awo, kamar ɓarar gyaɗa ko tsince ta: tiya kaza, kuɗi kaza, mai sauri ta samu da yawa. Suya kuwa kar ki kuskura ki biya bisa tiya. Za ta ƙara itace don ta gama da wuri, bayan gyaɗa ya ƙone ciki bai soyu ba, mai ya yi baƙi ya yi ɗaci, masu saye su gudu. Wannan ladan yini ake yanka masa.

Nawa ne daidai? Tun watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta tsaida shi ne jika 42 a wata. In aka raba da kwanakin aiki, ya ɗan haura jika ɗaya da rabi a yini. Na sani, yawancinmu sana'armu ba ta kai nan ba, kuma da yawa aikin rabin yini ne. Amma ki riƙe shi a rai don ki san darajar yinin mutum. Sannan ki sa ladan cikin lissafi kamar yadda kike sa kuɗin gyaɗa, itace da niƙa. In kin sa shi kika ga riba ta ɓace, to dama babu ribar, gumin yarinyar kike ci kina kiransa riba. Sai ki duba farashin litar mai ko inda kike sayen gyaɗa.

Akwai masu ɓoye hannu wajen koyarwa. Za ta nuna komai, amma in aka zo zuba ruwan zafi cikin turmi sai ta aiki yarinya sayen gishiri, wai kar ta iya ta buɗe nata. Ƴar uwa, ko kin ɓoye ko ba ki ɓoye ba wata rana za ta tafi, aure ma kaɗai ya isa. Wadda kike cuta ke ce, don ran da zazzaɓi ya kwantar da ke ko aka yi rasuwa a ƙauye, sana'a ta tsaya cak, ga biyan bashi na jiran ki. Ki koya mata daki-daki, ta yi a gabanki, sannan ki bar ta ita kaɗai. In ta ƙona kasko ɗaya lokacin koyo kar ki cire a ladanta, ke ma kin ƙona naki a da. Faɗa kuma a cikin ɗaki, ba gaban masu sayen mai ba.

Abin da ke riƙe mai aiki ba ya da yawa. Biya ran da aka ce, ko da ranar kasuwa ba ta yi daɗi ba. Abinci daga tukunyar da kika ci. In lokacin ciniki ya matso, ki faɗa mata tun da wuri cewa in an sayar da kaza tana da ƙari kaza, kar ki bari sai kin ga dama. Wata dubara da na gani a Damagaram ta burge ni: mai sana'ar ta shigar da mai aikinta asusu, duk mako da yardarta ana cire zubinta daga lada. Ran rabo ta karɓi nata da hannunta, ta sayi akuya.

Ita kuwa ƴar uwarmu ta Tasawa, tsohuwar nan ce ta raka ta gidan ƙanenta bayan sallar isha'i. An daɗe ana magana. Yarinyar ta yarda ta dawo, amma kwana uku a mako, da lada yankakke da za a biya ta duk ran kasuwa. Sauran kwanakin tana tatsar nata, da tsohon kaskon gwaggonta.