A Fara Sukuwar Ƙungiya A Wudil

A ƙasar Ingila akwai wani wasan dawaki wanda ya kamata masu dawakin Wudil su ji labarinsa, domin in an duba shi da kyau sai a ga kamar don mu aka ƙago shi. Da bakinsu suna ce masa tim cesin, mu kuwa sai mu kira shi sukuwar ƙungiya. Wani Bature, Douglas Bunn, shi ya fara shirya shi cikin 1974 a filinsa na Hickstead, a kudancin Ingila. Daga nan ƙungiyoyin mafarauta na ƙauyuka suka ɗauka, suna yi kafin sanyi ya yi tsanani da kuma bayan ya wuce.

Ga yadda a ke yinsa. Mahaya huɗu su ne ƙungiya ɗaya. A kan shata musu hanya cikin gonaki da makiyaya, tsawonta kamar mil biyu, a bisanta akwai shingaye da ramuka wajen 25 waɗanda dawaki za su tsallake. Ba a sakin ƙungiyoyin gaba ɗaya. Kowace da lokacin tashinta, agogo shi ne alƙali. Abin da ya bambanta shi da sauran tsere kuwa shi ne ba a kula da wanda ya riga isa. Sai doki na uku ya ƙetare layi sa'an nan a tsai da agogo. Watau ko kana da doki mai gudun iska, in ka bar 'yan'uwanka a baya gudunka bai amfana wa kowa kome ba. Tilas na gaba ya riƙa waiwaye, mai ƙarfin doki ya ja hanya, mai tsoron shinge a sa shi a tsakiya don dokinsa ya ga na gaba ya tsallake, shi ma ya bi.

To, me ya kawo wannan magana? Kowa ya san samarinmu ba su rabu da sha'awar doki ba, amma sun rasa inda za su kai ta. Hawan salla sau biyu ne a shekara. Sauran watanni sai kilisa da hawan angwanci, su ma a kan titi, tsakanin motoci da babura da yara masu talla. A birnin Kano 'yan sanda sun sha yin hani a kan wannan, kuma ba za mu ga laifinsu ba, gama doki bisa kwalta ba ya iya tsayawa inda mahayinsa ya so. Wudil kuwa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, ran Juma'a ga manyan motocin shanu sun cika gari saboda kasuwar kara. Amma hani kaɗai ba ya kashe sha'awa. Yaron da aka hana shi titi, ba a nuna masa fili ba, gobe da magariba zai koma titin.

Wani zai ce ai wasan Turawa ne, ina ruwanmu da shi. Sai mu tuna masa da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Shi ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, ya sa 'ya'yansa da barorinsa suka koya, har ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi, ya zama gwanin da Turawan kansu su ke sara wa. Yau wa zai ce wa Bakatsine folo baƙon wasa ne? Balle ma sukuwar ƙungiya ba ta yi mana nisa kamar folo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ran hawan Daushe ya ga jahi, ya ga mahaya sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun sako dawaki tare, sun ja linzami tare a gaban Sarki. Wanda ya wuce sahu ya ɓata jahin, kome kyan dokinsa. Wannan ladabi shi ne ran sukuwar ƙungiya, kuma muna da shi tun kakanni. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da a ke tattali. Ƙasar Wudil, wadda tarihi ya san ta da sarautar Makaman Kano, ba baƙuwa ba ce a wannan hawa.

Sai dai akwai inda za a yi hattara, kuma nan ne mu ke so mu daɗe. Dokin jahi an hore shi ne ya tsaya cak, dokin tsallake kuwa so a ke ya miƙa wuya ya tashi. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne ƙwarai. In mahayi ya firgita ya fizge shi doki yana sama, zai yanke masa baki, daga ranar kuma dokin ya ƙi shinge har abada. Saboda haka abu na farko shi ne linzami mai taushi, irin na 'yan tsere. Sirdinmu ma, mai tudu gaba da baya, don zaman ado da yinin hawa aka yi shi. Ba ya barin mutum ya ɗaga jiki ya sunkuya sa'ad da doki ya tashi, in kuma doki ya faɗi yana iya danne mahayi a ciki. Jalala da sauran kayan ado a bar su a gida sai salla. Rawani kuma ba ya tare dutse: wanda ba shi da hular kwano ta mahaya kada a bar shi ya hau, ko ɗan wane ne.

Har wa yau yawancin dawakinmu ingarmu ne, a turke su ke kwana, kowa da nasa wuri. Ingarma huɗu waɗanda ba su san juna ba, in an haɗa su a guje, cizo da harbi za a gani. Ƙungiya ta fara da fita tare da tafiya da sassarfa, mako da makonni, har dawakin su saba da warin juna. Dokin da ya shekara yana cin dusa da harawa a turke ba zai yi mil biyu a guje ba tare da ya sha wuya ba. A fara da rabin mil.

Batun fili, Allah ya hore wa Wudil. Ga fadama, ga gaɓar kogi, ga gonaki da su ke zama fayau bayan an kwashe amfani. Amma ba kowace ƙasa ke karɓar sukuwa ba. Rairayi mai zurfi yana cin agarar doki, ƙasar da ta bushe ta yi tauri da rani tana fasa kofato, tushiyar kara da ramin gafiya da suri kuwa su ne masu karya ƙafa. Sai a bi hanyar da ƙafa, taki taki, a share, a cike ramuka. Kafin wannan duka a nemi yardar masu gonaki ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. A Ingila ma da izinin manoma a ke yi. Shingayen farko kada su wuce gwiwar mutum, a yi su da dammunan kara da buhunan ƙaiƙayi, abin da in doki ya taɓa zai zube. Kada a sa gungume ko bulo.

Akwai wata dabara ta mutanen Ingila wadda ta dace da masu farawa. A ajin sababbi sau da yawa ba mafi sauri ke ci ba. Alƙalai su kan yanka lokaci daidai wa daida, ƙungiyar da ta fi kusa da shi ita ta ci. Da wannan yaro zai koyi auna gudun dokinsa, ba zuba masa bulala ba. Mu ma da haka ya kamata mu fara, shekara ɗaya ko biyu, kafin a yi zancen gudu.

Masu cewa abin zai ci kuɗi suna da gaskiya kaɗan. Riƙon doki a yau ba wasa ba ne. Amma ba sabon doki a ke nema ba, waɗanda ke turke ne za a fitar. Abin saye shi ne linzami da hula, hular ma ƙungiyoyi suna iya karɓa-karɓa. Masu cewa akwai haɗari su ma ba su yi ƙarya ba, a kan faɗi, a kan ji ciwo. Don haka ne ba za a yi taro ba sai da malamin asibiti da malamin dabbobi a wurin, da mota tsaye.

Aikin da ya rage na masu alƙalami ne. Mahaya muna da su, abin da babu shi ne mai rubuta sunayen ƙungiyoyi, da mai riƙe agogo, da mai tsayawa a kowane shinge ya shaida an tsallake, da mai rubuta wa hakimi da Ƙaramar Hukuma takarda. Wannan aikin malaman ofis ne da malaman makaranta, kuma Wudil, mai jami'ar kimiyya da makarantar horon manyan 'yan sanda, ba ta rasa su ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, da hantsi kafin rana ta yi zafi, a ranar da ba ta kasuwa ba. Ƙungiya huɗu sun isa taron farko, watau doki 16, da shinge shida, da hanya ta rabin mil.