Lissafin Hal Lindsey Ya Sha Ruwa

A 1970 Ba'amurken nan Hal Lindsey ya wallafa littafin da ya ce kafuwar Isra'ila a 1948 ta buɗe ƙofar ƙarshen zamani: tsara guda, shekara 40, wato wajen 1988. Shekarar ta zo ta wuce, shi kansa ya rasu a 2024.

Kiristan Tudun Wada ko Doguwa da ya ci karo da irin wannan wa'azi a wayarsa, tsohon zance ake sayar masa. A Littafi Mai Tsarki, wasiƙar Bulus ga Romawa sura 11 tana bayani ne kan amincin Allah ga Yahudawa. Bulus bai ambaci iyakar ƙasa a wurin ba, balle kalanda. Su kuwa Kiristocin Baitalami, Falasɗinawa ne, kuma lissafin Lindsey bai tanadar musu gurbi ba.