Ruwan Famfo: A Sha Haka, A Tace, Ko A Dafa?

 

Maganarmu ta wannan mako a kan ruwan sha ce. Tambaya guda ta yi ta zuwa wannan fili, watau ko ruwan famfo yana da kyau a sha shi yadda ya fito. Waɗansu kuma sun ga ana tallan tukwanen tace ruwa, da wani ɗan inji na lantarki mai mai da ruwa tururi, suna so su ji ko ya cancanci a matsa wa maigida ya saya. To, amsar ita ce, sai an san ciwo ake neman magani. Kafin ki kashe ko sisin kwabo, ki fara sanin abin da ke damun ruwanki.

Bari mu fara daga tushe. A gidan ruwa, kamar na Challawa a Kano wanda aka kafa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ana jawo ruwan kogi, a zuba masa alif don laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin rairayi, sa'an nan a sa masa wani magani da ake kira kulorin wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka in kin ji ɗan warin magani a ruwan famfo kada ki yamutsa fuska, alamar alheri ce. In kuwa ya fito fari kamar an ɗiga masa nono, ki ajiye shi a kofin gilashi ki duba. Idan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai.

Ɓarnar galibi a hanya take faruwa. Ku dubi yadda bututu ke ratsa kwata a unguwanninmu, wani ya tsufa ya tsage, wani an ɗaure shi da roba. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi a ciki, waje yake tsiyaya. Amma ran da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama wofi, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata ta wurin tsagewar. Don haka ruwan farko da ya zo bayan an daɗe ba a kawo ba shi ne mafi hatsari. Ki tara shi dabam don wanke tsakar gida da makewayi, kada ya shiga randa. Bayan wannan ga jarkar ɗan ga-ruwa wadda ba ki san ranar da aka wanke ta ba, ga tankin kan soro da ya shekara ba a leƙa shi ba. Ga kuma moɗa, wadda yaro zai ɗauka daga ƙasa ya tsoma cikin randa har da hannunsa.

Kada wata ta ce ai nata ruwan garau yake. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara, ko ta taifot, ko ta atuni. A shekarar 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana bincike, ya tarar kusan duk mamatan daga famfon rijiya guda suke sha, rijiyar da mutane ke yabon daɗin ruwanta. Ashe ƙazantar wani ramin masai da ke kusa ce ke tsiyaya a ciki. A nan Nijeriya ma, a shekarar 2021, mutum fiye da 100,000 aka lissafta sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu.

Daudar ruwa iri uku ce, kowace da maganinta.

Ta fari ita ce wadda ido ke gani, watau laka, da tsatsa, da ƙananan ƙwari. Maganinta a bar ruwa ya kwanta, ko a sa masa ɗan alif, ko dakakkun 'ya'yan zogale, sa'an nan a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta. Kada ku rena ƙyalle. Wajen 1988 masu kurkunu a Nijeriya sun haura 650,000, kuma tace ruwa da ƙyalle yana cikin manyan abubuwan da suka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ya ƙare a ƙasar. A ƙauyukan Bangaladash kuma an koya wa mata su ninka tsohon zane huɗu su tace ruwa da shi, binciken da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Amma fa rabi ba duka ba ne.

Ta biyu ita ce ƙwayoyin cuta, kuma ita ce babbar abokiyar gabarmu. Maganinta uku, duka masu araha. Na ɗaya tafasawa: in ruwa ya tafasa sosai yana birkima, ki bar shi minti guda, ki sauke, ya huce a rufe cikin tukunyar da aka dafa shi. Na biyu maganin kulorin da ake sayarwa a kemis, na ruwa ko na ƙwaya. Ki bi awon da aka rubuta a jikinsa daidai, ki jira minti 30 kafin a sha. Na uku rana, wadda Allah Ya hore mana kyauta. Ki cika gorar roba fara garau wadda ba ta wuce lita 2 ba, ki kwantar da ita a kan kwanon rufi cikin rana tsawon awa 6. In da hadari ko hazo mai yawa, sai ta kwana biyu. Kulorin da rana duka ba sa aiki sosai cikin ruwa mai laka, sai an tace tukuna.

To, ina matsayin tukunyar tace ruwa? Irin mai hawa biyu wadda ke da farin kyandir na yumɓu a ciki tana da amfani ƙwarai, domin tana tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana ainun, irin masu kawo ciwon shawara, da kan iya wucewa. Saboda haka lokacin annoba a haɗa ta da tafasawa ko kulorin. In kyandirin ya toshe a goge shi da buroshi da ruwa mai tsabta, ban da sabulu. In ya tsage ko da kamar silin gashi ne, aikinsa ya ƙare, sai sabo. Irin butar nan kuwa mai gawayi a ciki, aikinta gyara ɗanɗano da kawar da wari, ba ta kashe cuta. In ma aka daɗe ba a sake gawayin ba, sai ya zama gidan ƙwayoyin da ake gudu.

Ta uku ita ce abin da ya narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa a miya, misali dalma, da wani sinadari na cikin duwatsu da ake kira fuloraid. Ƙyalle ba ya tare su, kyandir na yumɓu ba ya tare su, tafasawa kuwa sai ma ta ƙara musu ƙarfi, tun da ruwa ke tashi ya bar su a tukunya. A nan ne injin tururi yake da rana. Kowace mai girki ta san ɗigon ruwan da ke taruwa a bayan murfin tukunya. To, aikin injin ke nan: ya dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya huce ya koma ruwa a wani mazubi, dauda ta zauna a baya.

Ruwan da yake bayarwa mai tsabta ne ƙwarai, amma mu yi lissafi. Irin na gida yakan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya ba da lita 4, ya kuma sha wuta wajen yunit 3. Gida mai mutum 10, in kowa zai sha lita 2 a yini, lita 20 ke nan, watau ɗori biyar, fiye da awa 20 ana ƙona lantarki, wajen yunit 15 kowace rana. Wa ke samun wuta haka, wa kuma zai biya? Ga shi ruwan salam yake a baki, don an raba shi da ɗan gishirin ƙasa da ke ba ruwa daɗi. Bayan duk wannan wahala, in aka juye shi cikin randa mai dauda, an yi aikin baban giwa.

Amma akwai inda larura ke sa a neme shi. A garin Tibiri kusa da Maraɗi, tsakanin 1985 da 2000, yara sun sha ruwan famfo na rijiyar burtsatse mai fuloraid da yawa, haƙoransu suka rine, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu suka lanƙwashe. A garin Filint na Amurka, a 2014, an sake wurin da ake ɗibar ruwa, sabon ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta shiga abin shan yara. Saboda haka in kin lura yaran unguwa da yawa haƙoransu na yin ja ko ruwan ƙasa, ko ruwanku yana da zartsi, ko kuna kusa da majema ko wurin haƙar ma'adini, ki gaya wa maigida a nemi duba-gari ko ma'aikatan ruwa su kai shi ɗakin gwaji. In gwaji ya nuna akwai illa, mafi alheri a sake wurin ɗibar ruwan sha. In ba hali, to, sayen injin tururi, ko na'urar nan mai matse ruwa ta cikin siririyar fata, ba asara ba ne. Gargaɗi guda: ruwan batir da ake sayarwa a tasha ba na sha ba ne, gama ba don ciki aka yi shi ba, wani ma akwai asid a ciki.

Ga yawancinmu dai, kuɗin injin nan gara a sayi tukunyar tacewa da bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi. In randa ce, a rufe ta da faifai, a wanke ta kafin a zuba sabon ruwa, a sami moɗa mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa. Ta ɗiba dabam, kofin sha dabam. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa ya ishe shi, ko da bazara ce. Yaron da gudawa ta kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari da dafaffen ruwa, a kuma hanzarta kai shi asibiti.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Kowace ta bi bututun gidansu da ido tun daga bakin titi, ta ga ko ya ratsa kwata ko yana yoyo, ta gaya wa manya. Sa'an nan ta roƙi Inna a bar mata wankin randa da kula da moɗa. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.