Sa hannun mai hoto, gumin mai garma

A Turai da Amurka akwai wata kasuwa da ba ta da hayaniya: kasuwar littattafan hotuna masu ɗauke da sa hannun wanda ya ɗauki hotunan. Masu cinikinta attajirai ne masu sha'awar tara kayan da ba kowa ke da su ba, da dillalansu, da gidajen gwanjo. Cikin hajar da suke nema akwai littattafan karkarar Italiya: tsofaffin mata sanye da baƙaƙen tufafi, shanun huɗa, gonakin inabi da zaitun a kan tuddai, manoma ƙafa ba takalmi a ƙofar gida. Ina ganin ya kamata mu malamai mu dubi wannan kasuwa da idon basira, domin abin da take yi wa littafi ya saɓa wa duk abin da muke koya wa yara game da littafi.

Ga dokokinta. Bugun farko ya fi na biyu daraja, ko da na biyu ya fi shi kyan takarda da tawada. Kwafin da aka sa wa hannu ya fi wanda ba a sa wa ba. Wanda aka rubuta wa lamba, a ce na 12 cikin 100, ya fi su duka. Rigar takardar da ke lulluɓe da bango, in ta yage ko ta ɓata, farashi ya faɗi. Sabon littafi da ba a taɓa fiddawa daga ledarsa ba, abin yabo ne a wurin dillali. Dokar da ta fi ba ni takaici kuwa ita ce ta hatimi: littafin da ke ɗauke da hatimin ɗakin karatu na jama'a, wato shaidar cewa ɗaruruwan mutane sun buɗe shi sun amfana, a wannan kasuwa nakasasshe ne, a rage masa kuɗi. Ashe karatu aibi ne. In mai hoton ya rasu, sai ka ga dillalai sun ƙara ƙaimi, tun da hannun da ke rattaba suna ya tsaya, haja ba za ta ƙaru ba.

To, me ke cikin waɗannan littattafai tun asali? Mu ɗauki wanda ya fi shahara, Un paese, ma'ana «wani gari», wanda maɗaba'ar Einaudi ta Torino ta buga a 1955. Hotunan na Paul Strand ne, Ba'amurken da ya baro ƙasarsa ya zauna a Faransa lokacin da ake farautar masu ra'ayin gurguzu. Rubutun na Cesare Zavattini ne, wanda ya rubuta labarin silimar Ɓarayin keke ta 1948. Garin shi ne Luzzara, a bakin kogin Po, mahaifar Zavattini. Strand ya yi hotunan a 1953, ciki har da wanda duniya ta sani: uwa tsaye a bakin ƙofa, ƴaƴanta maza biyar kewaye da ita, ga keke a jingine. Abin da ya bambanta littafin da takwarorinsa shi ne an bar mutanen garin sun yi magana. Kusa da hotuna an jera abin da suka faɗa game da aikinsu, da abincinsu, da yaƙin da ya ci musu dangi, da wanda ke son barin gari. Zavattini ya so wannan ya zama na farko cikin jerin littattafan da za su nuna wa Italiyawa ƙasarsu lungu-lungu. Jerin bai wuce wannan guda ɗaya ba. Littafin da aka yi domin talaka ya ga kansa kuma a ji muryarsa, yau bugunsa na farko sai mai ɗaruruwan yuro. A ce 500 kawai: kusan jika 328 ke nan na kuɗinmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a manta da irin rayuwar da hotunan ke shaida. A 1951 fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan Italiya a gona suke. Yau ba su kai kashi 5 ba. A tsakiyar ƙasar da yawansu a ƙarƙashin tsarin noma-mu-raba suke, wanda suke kira mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, iyalin manomi su yi aiki shekara guda cur, a raba amfani. Sai a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. A kudu abin ya fi muni. A watan Oktoba na 1949, a Melissa ta yankin Kalabriya, ƴan sanda suka buɗe wuta kan manoman da suka shiga wata gonar da aka bari ba noma, mutum uku suka mutu. Gyaran dokar mallakar ƙasa na 1950 ya biyo bayan irin wannan jini. A Matera, inda Henri Cartier-Bresson ya yi hotuna a farkon shekarun 1950, iyalai cikin kogunan dutse suke kwana tare da jakunansu da awakinsu, har gwamnati ta yi doka a 1952 ta kwashe su. Yanzu kogunan suna cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1993, da yawa sun zama masaukan baƙi masu tsada. Abin da ya sami kogunan shi ya sami littattafan: da talaucin ya tsufa, ya daina wari, sai ya zama kayan ado.

Ba masu hoton nake tuhuma ba. Mario Giacomelli, ɗan garin Senigallia, maraya ne tun yana yaro, uwarsa wanki take yi a gidan gajiyayyu, shi kuma tun yana ɗan shekara goma sha uku ya shiga aikin ɗab'i. Ya je Scanno a 1957 da 1959, ya bi wani iyalin manoma cikin ayyukan shekara a tsakiyar shekarun 1960, ya ɗauki tuddan yankinsa har kunyoyin gona suka zama kamar tamojin fuskar tsoho. A wasu hotunan shi da kansa ya sa manoma su ja masa layuka da tarakta. Wannan aikin mutum ne da ya san ƙasar da ya taka. Amma sa hannunsa a shafin farko bai ƙara wa hoton ko ƙwayar zarra ba, haka kuma rashinsa bai rage komai ba. Hoto ma ai hikimarsa ke nan, a maimaita shi sau dubu bai sauya ba. Kasuwa ta ɗauki abin da aka ƙirƙira domin ya yawaita, ta ƙaga masa ƙaranci da gangan.

Za a ce mini: ai masu tarawa su ke adana littattafai, kuma kuɗin kwafi hamsin masu sa hannu shi ke biyan bugun dubu na sauran jama'a. Akwai gaskiya a rabi na biyu, kuma ƙananan maɗaba'u da dama da haka suke numfashi. Ban ga laifin mai hoto mai rai da ya ci guminsa ta wannan hanya ba. Sai dai kuɗin da ake zubawa a gwanjon littafin 1955 ba ya zuwa ga Strand, wanda ya rasu a 1976, balle jikokin matar nan ta bakin ƙofa. Tsakanin dillali da dillali yake yawo. Maganar adanawa kuwa, abin da ya dawo da Un paese hannun masu karatu shi ne sake bugawa, kamar bugun Ingilishi da Aperture ta yi a 1997. Haka Kodachrome na Luigi Ghirri, wanda ya buga da kansa a 1978: shekara da shekaru sai labarinsa ake ji, sai da aka sake buga shi a 2012 sannan ɗalibai suka gan shi da idonsu. Kabad mai makulli bai taɓa yin wannan aiki ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da sha'awar ke rufewa. Mai tara littattafan nan karkarar da ta mutu yake so, wadda ba ta neman haƙƙinta. Alhali karkarar Italiya tana nan da rai, kuma har yanzu akwai masu sunkuyawa a cikinta, sai dai launin fatarsu ya sauya. Masu tsinkar tumatir a kewayen Foggia da masu cirar lemu a Rosarno, da yawansu ƴan Afirka ta Yamma ne, wasu ta Agadas suka bi suka ƙetare hamada. A Rosarno, a Janairun 2010, aka harbi wasunsu har gari ya yamutse. A Yunin 2018 aka bindige Soumaila Sacko, ɗan Mali kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago, yana neman tsohon kwanon rufi a wata masana'antar da aka yi watsi da ita. Cikin watan Agusta na shekarar, lebura goma sha shida suka mutu a haɗurra biyu na motocin da ke kwasar su daga gona, duk da dokar 2016 da ta tsananta hukunci kan ƴan kamashon da ke cinikin guminsu. Waɗannan su ne magadan mutanen Melissa. Wanda ya biya ɗaruruwan yuro domin ƙafar manomin 1953 marar takalmi, shin yana tambayar wa ya tsinko tumatirin da ke cikin miyarsa?

Mu ma ba baƙin wannan ciniki ba ne. Nomads of Niger na Carol Beckwith da Marion van Offelen, wanda ya fito a 1983 kan Woɗaaɓe, ya zaga duniya. Kowane malami ya duba ɗakin karatun makarantarsa ya ga ko yana ciki. Strand ɗin nan kansa ya yi littafi kan Ghana, da gayyatar Nkrumah, ya fito a 1976.

Ƙungiyar al'adu da ta sami ɗan tallafin sayen littattafai, ko aboki a Turai mai son aiko da kyauta, ta nemi bugu na baya-bayan nan mafi araha, ta buga masa hatimi a shafin farko, ta ajiye shi inda hannu ke kaiwa. In da hali, a haɗa uku kan gari guda: Luzzara ta Strand a 1953, da ta Gianni Berengo Gardin, wanda ya koma tare da Zavattini suka fitar da nasu littafin a 1976, da ta Stephen Shore a 1993. A shimfiɗa su kan teburi gaban ƴan aji, a ce su nemo abin da ya ɓace daga garin cikin shekara arba'in, da abin da ya shigo. Daga nan a aike su gida su rubuto, da Hausa, abin da kakanninsu za su faɗa in an ɗora hotonsu a shafi.